Tsargiyar Inna

Abin da na fara lura da shi shi ne dardumar Inna ta kwana biyu a naɗe. A Unguwar Shanu muke lokacin, ni da ita da yarana, tun bayan rasuwar mahaifinmu. Matar da take rigan ladan alwala, sai ga ta ana kiran Azahar tana tsince wake kamar ba ta ji ba.

Na ce, "Inna, lafiya dai?"

Ta leƙa ƙofa tukuna, sannan ta rage murya. "Al'ada ce ta dawo mani."

Autanta ma a lokacin ya yi aure har ya haihu. Na lallashe ta muka je wurin malamar Islamiyyarsu, wadda ta ce wannan jinin ciwo ne, ta koma salla, kuma a kai ta asibiti. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce sanyi ne, aka ba ta ƙwayoyi. Jinin ya ɗauke, ya sake dawowa da gudaji, fitsari ya koma yi mata zafi har tana dafa bango. Daga nan aka tura mu babban asibiti, aka yi hoto, aka yanki 'yar tsoka daga mafitsararta aka kai gwaji.

Ranar da muka koma jin sakamako, likitan bai fara da ciwon ba. Tambayarta ya yi inda ta girma.

Ta ce, "Ƙauyenmu can Zamfara. Amma ɗan nan, na fi shekarunka a Kaduna."

"Kuna shiga ruwa, Mama?"

Fuskarta ta saki. Ta ba shi labarin fadamar shinkafarsu, yadda suke wuni ruwa iya gwiwa suna dashe, in rana ta yi zafi su faɗa tafki da zannuwansu. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai a ofishin nan.

Ya ce tsargiya ta ɗauka tun a wancan ruwan.

"Tsargiya ai ta yara maza ce," in ji ta. Can ta ce ita ma takan ga ɗigon jini a ƙarshen fitsari, amma maza ne ke alfahari da nasu a dandali, su mata ba mai tambayarsu, ba su kuma faɗa.

Likitan ya yi bayani a hankali. Tsutsar takan shiga ta fata, ta zauna a jijiyoyin jini kusa da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ya kira sojoji don ta gane, sukan yi wa kowane ƙwai zobe su yi ta yaƙarsa. Ƙwan ba ya fita, su kuma ba sa janyewa. Shekara da shekaru wurin yana kumbura yana warkewa yana tabo, har tsokar ta rikiɗe ta zama ciwon daji.

Inna ta ce, "To sojojin nawa ne suka cinye ni ke nan?"

"Tsaron ki suke yi, Mama. Yaƙin ne ya daɗe."

Ciwon ya riga ya wuce inda aiki zai yi amfani. An dai ba ta maganin tsutsar, 'yan fararen ƙwayoyi da ake haɗiyewa a yini guda. Ta daɗe tana kallon su a tafinta kafin ta sha.

Watannin da suka biyo baya ta yi su ne da robar fitsari, tana ɓoye ledar a ƙarƙashin hijabi kada jikoki su ga kalarta. A zaune ta rama sallolin da ta bari. Sannan ta shiga lissafo 'yan matan da suke dashe tare, tana sa ni ina buga waya ƙauye ina tambaya. Wannan ta rasu, ciwon ciki aka ce. Waccan ma ta rasu, an ce jini ta yi ta zubarwa. Inna takan gyaɗa kai ta ce a tambayo ta gaba.

Inna ta rasu a farkon damina.

Ƙanwarta ta zo ta'aziyya daga ƙauye, ta zauna da mu har sadakar bakwai. Wata safiya na shiga bayi a bayanta. Ta kora ruwa, amma a gefen masai ja-ja ya saura.

Na same ta tana ɗaure kayanta. Na durƙusa na ce ta bari mu je asibiti gobe, gwaji kawai.

"Ɗiyata, na ga abin da asibiti ta yi wa yayata. Dashe na jirana."

Na roƙe ta har na yi kuka. Na sayo mata fararen ƙwayoyin nan, ta karɓa ta ƙulle a gefen zani don kada ta ɓata mini rai. A tasha ta leƙo ta tagar mota tana sa mini albarka da muryar da ba ta da maraba da ta Inna.

Ina kiran ta duk Juma'a. Takan ce lafiya lau take. Wani lokaci ina jiyo motsin ruwa da muryoyin yara a bayanta.