Sallamar da na kasa amsawa a hanyar Guri

Ina kwance a gindin wata tsamiya a hanyar Guri, ƙirjina na bugawa kamar zai fashe, kekena mai giya yashe a gefe, sai ga wani tsoho ya iso.

Farkon shekarun casa'in ne, ina koyarwa a Haɗeja. Tumbi ya fara fitowa, na sayi keken gwanjo mai manyan tayoyi don in motsa jiki. A tunanina, in ban ji kamar zan mutu ba, ban yi komai ba.

Tsohon nan masunci ne, na wuce shi tun a baya yana tafe a hankali a kan baƙin kekensa. A lokacin ya yi mini sallama, ban amsa ba. Wallahi ba raini ba ne, numfashin ne babu.

Ya jingine kekensa, ya miƙo mini gorar ruwa.

"Malam, wa ya biyo ka?"

"Babu kowa, Baba. Motsa jiki nake yi."

"To, ni a hanyar nan na yi furfura. Duk tuƙin da zai hana ka amsa sallama har ka tambayi mutum iyalinsa, ya fi ƙarfinka. Sassauta."

Na sunkuyar da kai, ruwansa na hannuna. Sai a lokacin na ce, "Wa alaikumus salam, Baba."

Ya yi dariya. "Ta makara, amma ta iso."

Har yau da gaisuwa nake auna tuƙina, kuma kunyar ba ta sake ni ba. Ku fa, wa ya taɓa gyara muku zama cikin ruwan sanyi haka?