Mai Neman Yoyo da Tafin Ƙafa

Kowa a gidan ya ɗauka ladabi ne ya sa mutumin ya cire takalmansa tun daga zaure. Ni da nake leƙe ta tagar kicin na lura sanyi yake nema da tafin ƙafarsa.

Ban san sunansa ba. Daga Kiyawa aka kira shi ya nemo inda bututu yake yoyo, don ruwan tankin gidanmu na unguwar Takur yana ƙarewa kafin azahar, bangon ɗakin Dada kuma ya jiƙe. Dada kakarmu ce, ba ta iya tashi, ta kuma rantse ba mai fasa mata daɓe tana kwance.

Dogo ne siriri, furfurarsa a gemu kaɗai. Ya sa an rufe duk famfunan, yana taka simintin tsakar gida a hankali cikin zafin rana. Ina jin ya taɓa noman rani, don tafiyarsa irin ta mai duba laimar ƙasa ce.

“Malam, ɗakina za ka rusa?” in ji Dada daga ciki.

“Inna, wa ya isa ya taɓa ɗakin amarya?”

Gab da bangon ya tsaya, ya ɗaga ƙafa, ya sake ajiyewa. Ya durƙusa, ya kafa sukudireba a siminti, ya kara kunne a ƙotar. Ya daɗe a haka kafin ya zana da’ira da gawayi.

“A waje yake, Inna. Yi barcinki.”

A cikin da’irar ya haƙa, ya tarar da bututun ya tsage. Da ya gama haɗa shi, sai ya nemi tsintsiya, ya share yashin da ya tono.