Ba Gajiya

Yayata ƙarya ɗaya tak ta iya, kuma kullum sai ta yi mini ita. In na kira ta a waya na ce, "Yaya, ina gajiya?" sai ta ce, "Ba gajiya." Na san haka kowa yake amsawa, amma daga bakinta abin yakan sosa mini rai. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, Yaya ce ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta ba ta kunu a baki. Ga awaki, ga gonar gyaɗa. Shekara da shekaru ba ta kwana a wajen ƙauyenmu na gabas da Dungas ba. Ni kuwa ina Magariya ina koyarwa, iyakata in aika da sabulu da sukari.

Da aka ba mu hutun bazara na je gida, na tarar ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta zuba mini ruwa ta koma kan aikinta. Tsoro ya kama ni, kada mu wayi gari da marasa lafiya biyu.

Na ce, "Yaya, maigidana ya yi tafiya, gidan ba kowa. Ki je ki kwana ɗaya ki huta, ni in zauna da Inna."

Nan take ta ɓata rai. "Wa ya ce miki na gaji da uwata?"

Ashe a kunnenta kalmar hutu zargi ce. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, ta tafi ta ba awaki harawa ta bar ni tsaye. Inna tana ɗaki tana jin mu. Harshenta ya yi nauyi, amma wayonta yana nan daram. Ta kira Yaya ta ce, "Aike zan yi miki. Ki je Magariya ki sayo mini man zafi na kasuwar can. Kada ki yi mini tafiyar yamma, ki kwana. Ni ma in ɗanɗani kunun ƙanwarki Madam, naki ya ishe ni."

Aiken uwa ba a ƙinsa. Washegari mijin Yaya ya ɗauke ta a moto, wato babur, tana ta waiwaye.

Dama da wannan niyyar na zo, kuma na san halinta, shi ya sa tun kafin in baro gidana na Magariya na yi shiri. Na kulle madafa, na ɓoye tsintsiya a bayan randa, na kai kayan wanki gidan maƙwabciya, na roƙe ta ta kai musu tuwo. Maƙwabciyar ce ta ba ni labari daga baya tana dariya. Wai Yaya ta zagaya gidan kaf tana neman aiki, har ta leƙo ta katanga tana tambayar ko akwai waken da za a tsince. Da ta rasa, sai ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a ƙarƙashin fanka kafin la'asar. Da ƙyar ake tashinta ta yi salla ta koma. Tuwon ma mijinta ne ya cinye.

A ƙauye kuwa na sha mamaki. Inna ba ta da kauri, amma da na zo ɗaga ta sai da bayana ya amsa. Kununa ta ce ya yi ruwa. Na juya ta, ta ce ba haka Yaya take yi ba. Kwana ɗaya kacal, gari ya waye ina tafiya kamar tsohuwa.

Da hantsi moto ya tsaya a ƙofar gida. Yaya ta shigo da man zafi a hannu, da shatin matashi a kumatunta. Ɗakin Inna ta fara shiga, ta duba bayanta, ta gyara shimfiɗar da na yi, sannan ta fito ta zauna kusa da ni a tabarma.

Na ce, "Yaya, sannu da hanya. Ina gajiya?"

Ta buɗe baki za ta amsa yadda ta saba, sai ta fasa. Ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta rage murya.

"Ke, ashe akwai ta," in ji ta. "Sai da na kwanta na ji ta."