Goggo da Hannuwan Cikin Aljihu

A gidanmu, idan ana labarin Goggo, ƙanwar mahaifinmu, daga bangon ɗaki ake farawa. Tun tana ƙarama take zane a jikinsa da gawayi, Kaka tana gogewa tana faɗa. Da ta girma, ta zama malamar zane a wata sakandare.

Ɗalibanta sun iya kwano, sun iya kujera, amma mutum ya gagare su. Duk wanda suka zana, hannuwansa na cikin aljihu, don gudun yatsu. Yara suka fara zamewa daga ajin. Shugaban makaranta ya ce idan zango ya ƙare a haka, lissafi zai ba lokacinta. Abin ya tsaya wa Goggo a rai.

Bango ɗaya ne tsakaninta da ajin wasan kwaikwayo, kuma kullum sai ta buga shi saboda hayaniya. Rannan ta haɗiye girman kai, ta je aron ɗalibin da yaranta za su zana wajen malaminsu, wanda yara ke kira Darakta. Ta ɗora yaron kan tebur, ta ce kada ya motsa. Ya ƙame kamar soja. Zanen duk ya fito kamar falwaya.

Darakta ya leƙo ta taga yana dariya. "Haba Malama, kin kashe mini yaro da ransa! Yarana ba a ce musu su tsaya. Aiki ake ba su."

"To shigo mu gani, sarkin surutu."

Ya kwaso ajinsa kaf. Ya ce wa wata yarinya ta zama tsohuwa mai matse wanki. Ta duƙa, tana murɗa rigar da babu ita, tana mitar jikoki. Ya tafa, ta daskare a haka.

"Ku hanzarta, bayanta zai gaji," in ji Goggo. "Ku fara daga inda nauyin yake."

Yatsu suka fito, wasu shida, wasu kamar ayaba, amma kowane hannu da abin da yake matsewa.

Wata Laraba hayaniya ta jawo shugaban. Ya shigo ya tarar babu masaka tsinke, ya ɗaga yatsa zai tsawatar.

"Yallaɓai, don Allah kada ka sauke hannun nan!" in ji Goggo.

Ya dubi yara, kowa ya duƙufa da fensir yana zana hannun nasa. Haka ya tsaya har kafaɗarsa ta sage. Da sabon jadawali ya fito, azuzuwan biyu a haɗe suke, an ma ba su babban ɗakin taro.