Na Ce Musu Basir Ne

Lokacin da abin nan ya same ni ina zaune a Kankara da maigidana da 'ya'yanmu uku, ina sana'ar ɗinki. Ni mace ce mai kunya tun tasowata, ko a gaban mata 'yan'uwana ba na iya sauya zani. A gidanmu yabona ake yi a kan haka, ni ma ina jin daɗin yabon.

Haihuwata ta uku a gida na yi ta, kuma na ƙaru sosai. Ba a ɗinke ni ba, wurin ya warke da kansa a karkace, fatar gefe ɗaya ta saki ta yi tsawo. Tun daga nan zama ya gagare ni. In ina taka keken ɗinki, gogar wurin kaɗai sai ta sa ni hawaye. Hawa babur zuwa kasuwar Yankara kuwa, ina cije leɓe har mu isa. Shimfiɗar aure ma ta koma abin da nake gudu, kullum da uzurin da zan kawo. Shekara ta zagayo ban faɗa wa kowa ba.

Ranar da na kai ƙaramin yaron rigakafi na daure na gaya wa wata ma'aikaciyar jinya, ita ta tura ni wurin likitar mata a Funtuwa. Likitar ta duba ni ba tare da ta nuna mamaki ba, ta ce mata da yawa na zuwa da irinsa, ƙaramin aiki ne, za a rage fatar a ɗinke. Ta sa aka gwada jinina, ta ce in dawo bayan na gama al'ada, in daina duk wani matsi ko haɗin mata. Sannan ta ja kunnena cewa jinyar ta fi aikin wuya. Ban da zama cikin ruwan zafi, ban da babur, ban da kusantar miji har sai ta sake duba ni. Ta ce in zo da wanda zai yi jinyata ta yi masa bayani da bakinta. Na amsa da to, alhali na san ba zan kawo kowa ba.

Maigida yana Sabuwa a lokacin, kaka ta yi yana sayen masara. A waya na ce masa basir ne ya matsa mini za a yanke. Ya ce zai taho, na hana shi. Sai ya shirya motar da za ta kai ni Sheme wurin Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, in yi jinya a can. Aikin ya yi kyau, ban ma kwana asibiti ba.

Ita ma Goggo basir na ce mata. Baiwar Allah ta karɓe ni hannu biyu, ta hana ni ko ɗaga buta. Washegari da safe sai ga ta da baho, ta dafa bagaruwa da sassaƙe, ruwan yana tururi, ta ce in zauna a ciki. Na ce likita ta hana. Ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyar nan, basir ɗin mi ne ban gani ba? Da wannan na warkar da babanki." Kalma ɗaya ta rage in faɗa mata inda aka yanka, amma bakina ya yi nauyi. Na rufe ƙofa na zauna a ruwan. Na sake zama washegari, da ranar da ta biyo baya.

Wurin ya kumbura, zaren ya saki, ɗinkin ya buɗe. Zazzaɓi ya rufe ni, duk da haka ina cewa da sauƙi. Goggo ce ta ga jini da mugunya a zanin da na ɓoye ƙarƙashin katifa, ta rantse sai ta gani da idonta. Da ta duba, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Wannan ai ba basir ba ne. Ashe da hannuna kika bari na cuce ki?"

Maigida ya bar buhunansa a Sabuwa ya taho, muka koma asibiti. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba za a sake ɗinki ba sai ciwon ya bushe, kuma a gabana ta yi masa bayanin komai tun daga haihuwar. Da muka fito ya ce mini duk tsawon lokacin nan shi ya ɗauka na gaji da zama da shi ne, har ya fara tunanin ya sawwaƙe mini in huta. Ban san aurena ya kai bakin nan ba sai ranar.

Na yi watanni ina jinya kafin a sake aikin. Na warke, alhamdulillahi, amma da tabo, kuma har yau in na daɗe a zaune ina jin wurin. Goggo kuwa ba ta sake dafa wa kowa magani ba. Duk zuwana sai ta roƙe ni gafara, ni da ya kamata in durƙusa mata. Bara ta rasu, ban iya cire mata wannan nauyin a zuciya ba.

'Yan'uwana mata, larura irin wannan ba abin kunya ba ce, kuma tana da magani a asibiti. In za a yi miki aiki, ki faɗa wa mijinki gaskiya, ki tafi da mai jinyarki ta ji dokokin likita da kunnenta. Masu sonki za su yi miki maganin ciwon da kika faɗa musu ne. Ni wanda ba ni da shi na faɗa, kuma shi aka yi mini magani.