Muryar Baban Anaca da Ba Ta Isa Fatakwal Ba

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokin aikina na gyaran kwamfuta, a gaban motar wani mai kai albasa kudu. Ƙungiyar 'yan kasuwarmu mazauna can ce ta kira mu. Sun fara ɗaukar muryoyin dattawan da suka koma bayan yaƙin basasa, suna tarawa a babbar kwamfuta guda a Fatakwal, ofisoshin Inugu da Anaca kuma suna zuba nasu ta intanet, kamar rumbu ɗaya mai ƙofa uku. Matsalar ita ce, in an tashi aiki aka zo rufe ƙofar rumbun, wani lokaci sai kwamfutar ta sandare.

Daga Makurɗi zuwa Inugu ramukan hanya sun fi kwaltar yawa, ga shi ana ta cewa gangar mai ta yi tsada, ƙasa ta samu kuɗi. Mun sauka a bayan kasuwar Ogbete. Abokina ya sayi okpa yana zaton alala ce, ya cinye yana mita, sannan ya ƙaro. Mun wuni muna buɗe rumbun muna rufewa, kwamfutar ta ƙi sandarewa ko sau ɗaya. Sakataren ofishin ya ce wataƙila kunyar baƙi take ji.

Washegari muka nufi Anaca. Okada ce ta ratsa da mu cikin cunkoso har unguwar Hausawa, inda yara ke gaishe mu da Hausa suna faɗa da juna da Ibo. A ofishin muka tarar an kawo wani tsoho mai sayar da goro, kowa Baba yake ce masa. An daɗe ana lallashinsa, sai ranar ya yarda zai yi magana. Ni kuwa na ga dama ta samu: a ɗauke shi kai tsaye cikin rumbun, ni kuma in sa ido a kan abin da na'urar ke yi.

Baba ya yi magana tun hantsi har aka kira azahar. Abin da na tsinta kaɗan ne. Na ji ya ambaci ƙanensa da suka rabu a bakin gada, da wata mata Ibo da ta ɓoye masa keken ɗinkin mahaifiyarsa har ya dawo. Na ji ɗakin ya yi tsit a wani wuri, sakataren ofishin na Anaca yana share ido. Ban ɗago ba, ina bin rubutun da ke gudu a allo.

Da ya gama sai na ba da umarnin rufe rumbun. Daidai nan intanet ta ɗauke, allon ya cika da rubutu, komai ya tsaya. Ga cutar da muka zo nema ta fito fili, har na ɗauki hotonta da murna. Sai da muka sake kunnawa muka ga fayil ɗin Baba babu komai a ciki sai gaisuwar farko.

Na same shi a bakin masallaci, na durƙusa na faɗa masa. Na roƙe shi ya maimaita ko gobe ne.

"Yaro, ai kana ɗakin," in ji shi. "Ba ka ji ba?"

Ya ce ba fushi ya yi ba, amma maganar nan shekaru ya yi yana haɗiye ta, ba zai iya sake fito da ita ba. Ya ba ni goro, ya sa mana albarka.

A Fatakwal muka gano tushen abin, a wani ɗaki kusa da mayankar Trans-Amadi, shanu na kuka ta taga. Zuciyar manhajar, wadda muke kira kanel, tana sakin hanyar sadarwa alhali akwai sauran bayanai a layi suna jiran a tura su. In intanet ta yanke a wannan gaɓa, sai ta koma neman abin da ta riga ta saki, ta faɗi da duk abin da ke hannunta. Ashe masu manhajar sun fitar da gyara tuni. Muka ɗora, muka yi ta zare wayar intanet muna gwadawa, ba ta ƙara sandarewa ba. Mahauta suka kai mu unguwar Mile 3 cin gasasshiyar ayaba da kifi. Kowa na yabon aikinmu, ni kuwa Baba nake ta tunawa.

Mun dawo Kano a motar shanu da ta sauke kaya. Na bar wa ofisoshin doka: a fara ajiye murya a kwamfutar da ke ɗakin, sannan a tura. Wannan darasin sana'a ne, kuma mai sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na zauna kusa da dattijo yana faɗin abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, na ba na'ura amanar saurare. Sakataren ofishin Anaca ya yi alkawarin rubuta abin da ya tuna. Da na kira shi makon jiya, ya ce sunan ƙanen ma ya kwanta masa.