Filas ɗin Tela Mai Tabarau

Rubuta, jikata, kuma kada ki gyara min magana. Yadda na faɗa haka za ki sa.

Tela Mai Tabarau ne ya fara gaya min wai akwai yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi, ta ji, ta yi aikin da kanta. Ni mai guga ne, teburina na bakin shagonsa tun muna da baƙin gashi. Na ce, "Kai da har yau ba ka gama jin yaren matarka ba?" Ya ce, "Tsoho, kula da gawayinka, kar ka ƙona rigar mutane."

Masu kawo ɗinki ne suka ishe shi da waya, an gama, ba a gama ba. Sai ya sayo tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi, ya ɗora kan teburin yanka. Ya samo littafi mai kauri kamar bulo, ya tara bidiyon darasi. Allon baƙi ƙirin, rubutun kala-kala. In ya yi kuskure ta watso masa jan rubutu, ya cire tabarau ya ce, "Ji 'yar banza, a kan ɗigo ɗaya!" Haka ya yi ta fama, har ranar da ta fara tura wa mutane saƙo da kanta, ku zo an gama.

Darussan duk da Turanci suke. Sai ya saurara, ya tsayar, ya sake faɗa da Hausa yana ɗaukar muryarsa. Misalinsa duk na ɗinki: abin da ake maimaitawa, wai kamar ɗinka maɓalli ne, ka yi ɗaya, ka ce a yi ta yi har ƙasan riga. Don autarsa yake yi, wadda ke aiki a kantin magani. Tana so kwamfuta ta riƙa gaya mata maganin da ya kusa lalacewa. Yayyenta maza biyu kuwa dariya suke yi masa, wai Baba ya koma firamare.

Ranar da ciwo ya kama shi, ya ajiye filas ɗin kwamfuta kan teburina, ɗan abu kamar yatsa, ɗaure da ƙyalle kore. Ya ce, "Riƙe min. Na Auta ne, duk na zuba mata a ciki. In na dawo daga asibiti zan kai mata."

Bai dawo ba.

To ji aikin 'ya'ya. Aka zo rabon gado, babban ya ɗauki keken ɗinki. Na biyun ya ɗauki kwamfuta, ya kai wa mai gyaran waya, aka share komai aka cika ta da fina-finai. Littafin kuwa, rubuta wannan da kyau, na je sayen ƙusa aka ƙunso min a shafinsa! Da rubutun Tela a gefe!

Da suka ji labarin filas, sai ga babban, hannu a aljihu, ko sallama babu.

"Baba mai guga, an ce akwai kayanmu a wurinka."

Na ce, "Wane kaya, ɗan nan?"

"Filas. Gado ne, sai an raba."

Na ce, "Madalla. Kawo almakashin ubanka mu yanka, ka ɗauki kai, ƙanenka ya ɗauki wutsiya. Me za ka yi da shi?"

Ya ce wai filas ɗin yana da wuri, zai ci waƙoƙi da yawa. Waƙoƙi! Muryar uban da ya haife shi ce a ciki, babu ita ko'ina kuma a duniya. Na ɗaga dutsen guga, da wutarsa, na ce, "Ubanka ya ba ƙanwarka tun yana da rai, ni ne shaida. Matso ka karɓa." Bai matso ba. Ya ce gobe zai dawo da kawunsu.

Su zo. Ga filas ɗin nan cikin hulata, ban cire ta ba ko a wurin wanzami. Ajiye biron haka nan, ɗauko min sandata. Ke kin san kantin da Auta take, ni ban san shi ba, ƙafa ce kawai ta rage min. Tela ya ce zai kai mata, bai samu kaiwa ba. Tashi mu je kafin su rufe.